Ɗaya ga Watan Ɗaya

Ƙarfe bakwai da rabi ɗan kabu-kabu ke sauke Hajja Kaltuma Mala a ƙofar biro, wato ofishin ƙungiyarmu, ƙungiyar masu sayen gyaɗa da matsar mai, can bayan Kasuwar Dole. Kafin ta zauna sai ta yaye tsohon zanen da take lulluɓe ordinatar, wato kwamfuta, da shi, ta kakkaɓe, ta ninke. Daga nan ta jawo benci bakin ƙofa, don ta san kafin hantsi ya cika. Mata masu ƙuli-ƙuli ne, da dillalan gyaɗa, da tsofaffin da 'ya'yansu ke aiko wa kuɗi daga ci-rani. Kowa da salula a hannu, kowa da damuwarsa. Wannan an kira ta an ce ta ci kyautar tambola, wancan an turo masa saƙo da faransanci ya rasa kansa. Hajja ba ta karɓar ko dala. Ta duba, ta yi maka bayani, ta miƙa maka abinka. In kuwa ka buɗe baki za ka faɗa mata kod ɗinka, wato lambar sirrin da ake fitar da kuɗi da ita, sai ta toshe kunnuwa ta ce, "Kai, riƙe abinka! Ni ma ɗauke ni ɓarauniya."

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki bayan shekara talatin da huɗu. Ni Suma'ila, tsohon mushen lakwal, wato malamin makaranta, kuma magatakardan kwamitin ƙungiyar, na ce ba za ta tafi shiru ba. Amma in faɗi gaskiya tun yanzu: a labarin da zan bayar ba ni cikin mutanen kirki.

Shekara shida da suka wuce, da kaka, jika ɗari tara na sefa suka ɓace daga salular ƙungiya. Kuɗin manoman Garagumsa da Dakusa ne, na gyaɗar da suka ba mu. Salular tana hannun shugabanmu Alhaji Mahamud, mutumin da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa duk duniya mutum ɗaya ya taɓa faɗa wa kod ɗin, ita ce Wasila, 'yar unguwar Kara-Kara, wadda ke taimaka masa wajen biyan manoma saboda shi ba ya karanta faransanci. Mu kuma muka ce to, magana ta ƙare. Mutum biyu suka san lamba, ɗaya ya rantse, saura wa? Wasila ma ta rantse, tana kuka, amma rantsuwar bazawara mai 'ya'ya uku ba ta yi mana nauyin ta Alhaji ba. Ni na tsara takardar korarta, Hajja Kaltuma ta buga, don a lokacin aikinta ke nan, a ba ta rubutu ta buga.

Abin bai tsaya a biro ba. Alhaji ya faɗa a kasuwa da babbar murya, masu mai suka ɗauka, har aka laƙa mata suna Wasila Kod. Teburin man gyaɗar da ta kafa don ta ci da yara, mutane suka daina tsayawa gabansa. Aka cire ta daga adashin unguwa. Ta koma gidan tsohuwarta, ta daina fita sai da dalili.

Wata biyu bayan haka Hajja ta zo ta same ni ta ce, "Malam Suma'ila, lakwal zan koma."

Na yi dariya har na ƙware. Na ce, "Hajja, da shekara arba'in da tara? Su wa za su zauna da ke, jikokinki?"

Ta ce, "Ko su ne. Ni na buga takardar nan da yatsuna, kuma ban san yadda kuɗi ke fita daga salula ba. Kai ka sani?"

Ban sani ba. Duk kwamitin babu wanda ya sani, amma mun yanke hukunci.

Ta sayar da tumakinta na kiwo ta biya kuɗin shiga wata makaranta mai zaman kanta a nan Zinder, sashen da ake koyon sarrafa bayanai da tsaronsu da harkar kuɗin kasuwanci. In ta tashi daga biro da azahar sai ta wuce aji. Maryama, wadda suka yi karatun tare kuma yanzu take aiki a banki, ta ce mini ranar farko ɗalibai sun miƙe tsaye suna tsammanin sabuwar malama ce. Ta ce Hajja ta fi kowa tambaya, har malamin tsaron bayanai in ya gama darasi yakan juyo ya ce, "To Maman, sauran naki." Jarrabawar farko ta faɗi, ta fito ta zauna a gindin itacen bedi ta yi kukanta, washegari ta riga kowa shiga aji.

Ke ce, Hajja, wadda ba ta ji kunyar zama benci ɗaya da sa'annin 'ya'yanta ba. Mu muna ta barkwanci muna kiranki 'yar lakwal, ke kuwa kina can kina neman abin da ya kamata mu nema kafin mu kori baiwar Allah.

Sai da ta yi shekara da rabi tana karatu, sannan a babban taron ƙungiya ta nemi izinin magana. Ta shimfiɗa tabarma a tsakiya ta ce duk wanda ya yarda ya ajiye salularsa, za ta yi gwaji ɗaya tak a kan kowace, a gaban mai ita, ba za ta taɓa kuɗin kowa ba. Aka yi ta raha ana ajiyewa. Salula arba'in da uku. Ta ɗauki ta farko, ta danna, ta faɗa wa mai ita abin da ke ciki. Matar ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Wa ya gaya miki?" Ta ɗauki ta biyu, haka. Ta uku ta ƙi. Ta huɗu ta buɗe. Raha ta mutu. Wani dillali ya fara karanta ayatul kursiyyu a bayyane, wallahi ina kusa da shi. Ta goma sha biyu tawa ce, ina kallo ta buɗe ta. Kafin ta kai ƙarshen tabarma ta buɗe talatin da ɗaya.

Alhaji Mahamud ya ce, "Hajja, wannan karatu ne ko tsafi?"

Ta ce, "Alhaji, fito da katin dantite ɗinka, katin shaida. Kowa ya fito da nasa. Yaushe aka haife ku?"

Muka duba. Ɗaya ga watan ɗaya. Ni ɗaya ga watan ɗaya, Alhaji ɗaya ga watan ɗaya, mai ƙuli-ƙulin da ke gefena ɗaya ga watan ɗaya. Akasarinmu a gida aka haife mu, ba wanda ya rubuta rana, da muka je neman takarda sai aka rubuta mana ranar farko ta shekara. Ni fa tsohuwata ta sha gaya mini da damina ta haife ni, ana tsakar noma, amma katina ya ce Janairu. To ranar da mai buɗe asusu ya ce ka zaɓi lamba huɗu da ba za ka manta ba, me ke hannunka? Katin. Sifiri ɗaya, sifiri ɗaya. Kowannenmu yana ɓoye lambarsa ga matarsa da 'ya'yansa, ashe rabin Damagaram lamba ɗaya muke ɓoye wa juna.

Ba mu gama farfaɗowa ba ta zaro wata takarda. A aji ta koyi cewa mai layi yana da ikon neman jerin duk abin da ya shiga da wanda ya fita daga asusunsa, da rana da sa'a. Ta rubuta buƙatar, Alhaji ya sa hannu da murna, yana ganin za a ƙara kama Wasila ne. Ta karanto ranar da kuɗin suka fita, ƙarfe goma sha ɗaya da minti shida na safe. Ta ce, "Malam Suma'ila, duba kundinka, ina Alhaji yake ran nan?" Na duba. Yana Garagumsa wurin awon gyaɗa, da salular a aljihunsa. Wasila kuwa tana nan biro tare da mu.

Alhaji ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Akwai wani mutum. Ya ce uwarsa ba lafiya, in ara masa ya kira gida. Ya matsa bayan buhuna. Minti biyu ne fa, Hajja. Wa ke hana aron salula?"

Ta ce, "Ba wanda ke hanawa, Alhaji. Shi ma ya san da haka, ya kuma san ranar haihuwarka ba tare da ya tambaye ka ba. Da ya gama ya goge saƙon."

Alhaji bai yi ƙarya a rantsuwarsa ba, Wasila ma ba ta yi ba, mu ne muka zaɓi wadda za mu ƙaryata.

Ke ce, Hajja, da wasu suka ce a rubuta wa Wasila takarda a aika, kika ce a'a. Kika ce a kasuwa aka ɓata sunan, a kasuwa za a gyara, da muryar da aka ɓata shi. Kika tasa dattijo mai furfura a gaba har layin masu mai, ya tsaya ya faɗi da bakinsa cewa Wasila ba ta ci dala ba, shi ne ya yi sakaci. Daga nan kika ce mu taka da ƙafa har Kara-Kara, da rana tsaka, kowa ya gan mu.

Wasila ta fito ƙofar gida, ta rame har na kusa kasa gane ta. Alhaji ya cire hula ya ce, "Wasila, mun zalunce ki. Ki yafe mana don Allah." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Na yafe, Baba Alhaji." Sannan ta juya ga Hajja ta ce, "Yaya, Inna ce ta so jin wannan. Kullum sai ta ce mini za su zo. Watanta biyu a ƙasa." Hajja ta durƙushe nan bakin zaure. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

Hajja ta ƙarasa karatunta, ta karɓi difloma tana da shekara hamsin da biyu. An yi mata tayin aiki mai albashi ninki uku ta ƙi. Ta tsara mana yadda kuɗin ƙungiya ba sa fita sai mutum biyu sun amince, ta bi ƙauyukan Garagumsa da Dakusa tana sa manoma suna sauya lamba. Wasila ta dawo, kuma ita Hajja ta horar ta bar wa kujerarta.

Mun gode, Kaltuma 'yar Mala, mai wanke sunan da ba nata ba. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya saka miki da abin da mu ba za mu iya ba. Ku kuma masu karatu, wanda lambarsa ke rubuce a katinsa ya sauya ta yau. Wanda ke shugabancin mutane da dukiyarsu ya yi koyi da matar nan, ya je ya koyi abin da bai sani ba kafin ya nuna wani da yatsa. In kuwa ka riga ka nuna, kuma zuciyarka na gaya maka ba ka tabbatar ba, tashi ka bincika yanzu, kada ka ce sai an gama kaka. Mu da muka tashi, mun tarar da wadda ta fi kowa jiranmu a kabari.