Na'omi Mai Hular Wayoyi

Na'omi ƴar Dogondutsi ce. Karatun jinya ya kawo ta Yamai tana budurwa, aiki kuma ya riƙe ta. Mijinta ya rasu, ɗiyarta ɗaya tana aure a Maradi, ita kuwa tana haya ita kaɗai a unguwar Dar es Salam.

Aikinta a asibiti shi ne ɗaukar motsin ƙwaƙwalwar waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye. Takan shafa musu mai a fatar kai, ta sa musu wata hula mai wayoyi, layuka su yi ta gudu a fuskar ordinater, wato kwamfuta. Na'urar ta auna inda motsin ya yi sanyi, lokotoro ya duba ya ƙiyasta yadda mutum zai farfaɗo. Dangi kan tare ta a ƙofa: "Madam, zai tashi?" Sai ta ce su jira lokotoro, ta wuce.

Wata rana da hantsi aka kawo Zakari, direban taksi, wanda ya faɗi a Gaweye kusa da gada yana wanke mota. Bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. Babu wanda ya biyo shi. Masu jinyar ɗakin suna ta yi masa Zabarmanci, shi kuwa ido kawai. Na'omi ta ga zanen fuskarsa irin na mutanen yankinsu, ta sunkuya ta ce da Hausa, "Sannu Baba. Mutumin Arewa ne?" Sai ga hawaye.

Awon bai yi daɗi ba. Lokotoro ya ce ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa ya yi rauni ƙwarai, ƙafa wataƙila ta dawo, amma magana sai an yi haƙuri, in ma za ta zo.

Tun da babu mai wanke masa man da ya daskare a gashinsa, ita ta wanke. Daga nan kullum in ta tashi aiki sai ta ja kujera kusa da gadonsa da kwanon koko. Ta ba shi labarin kasuwar Dogondutsi, da ciwon da ya ɗauke mijinta, da jikan da take gani a waya kawai. Rabon da ta yi doguwar hira haka har ta manta. In ta yi shiru, yakan matsa mata yatsu da hannunsa mai lafiya.

Ranar Lahadi tana majami'a wani ƙanensa ya zo daga ƙauye, ya ce jinyar gida ta fi, ya tafi da shi. Litinin ta tarar da wata tsohuwa a gadon. Ta tambayi sunan ƙauyen, ba wanda ya riƙe.

 Sai ta gaishe da tsohuwar, ta roƙe ta ta kwance kallabi, ta fara raba mata gashi don shafa man awo.