Ranar da Na Ƙona Bakin Ɗankwalina

Na ga abubuwa iri-iri a shekarun da na shugabanci sashen koyar da ilimin saƙa da tufafi da haƙƙin masu saye a jami'a, amma akwai rana ɗaya da ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, ita kam ba za ta fita daga raina ba. Har yau in na tuna sai na yi tsaki ni kaɗai.

Babban ciwon kan mai riƙe da irin wannan sashe shi ne samo wa ɗalibai masana'antar da za su koyi aiki kafin su gama. Ka zaga Bompai, ka zaga Challawa, yawancin wuraren da ake saƙa a da sun koma rumbunan ajiye kaya, sai maigadi da kwaɗo a ƙofa. Wata masaƙa ce a Sharaɗa take karɓar yaranmu duk shekara ba tare da mun yi ta roƙo ba. Shi ya sa muke lallaɓa Alhajin da ya mallake ta kamar ƙwai.

A wannan shekarar, ana gab da ranar da ɗaliban ajin ƙarshe za su kare bincikensu, sai ga mota daga Sharaɗa cike da atamfa. Alhaji ne ya aiko, kowane malami turmi guda. Na tara malamai na ce mu gode, mu ajiye ta a ɗakin gwaji don koyarwa, tunda aikinmu shi ne gwada kayan mutane, bai dace mu riƙa sa kyautarsu ba. Ban rufe baki ba mataimakiyata, wadda ta girme ni a shekaru da kuma iya magana, ta ce, "Haba Hajiya! Mutum ya karrama mu, mu kai kyautarsa a yayyanka? Anko za mu yi ranar, manajansa ya gani ya kai labari." Kowa ya yi na'am. Mazan suka kai wa matansu, mu kuma muka nufi wajen tela. Ni ma na ɗinka, don shugabar da ta ƙi anko ta sayi surutun shekara guda.

Ranar ta zo, muka fito reras kamar masu kai amarya. Manajan masaƙar yana kujerar gaba a matsayin babban baƙo, kusa da farfesan da ya zo daga wata jami'a don ba da maki. Ina ta kai-kawo sai wata ɗaliba ta tare ni a bakin zaure. 'Yar kudancin Kaduna ce, iyayenta suna zaune a Na'ibawa, yarinya mai shiru-shiru da ƙoƙari. Ta zuba wa kayan jikina ido, ta ce, "Ma, don Allah minti ɗaya." Na ce ta bari sai an tashi, na wuce.

Bincikenta mai sauƙin fahimta ne. Ta sayo atamfofi a kasuwa waɗanda aka rubuta auduga zalla a bakinsu, ta gwada ko gaskiya ne. A rubutun binciken nata ba sunan kamfani ko ɗaya, sai lambobi, haka ƙa'idarmu take. Da aka kira ta, ta kunna kyandir, ta bayyana cewa zaren auduga yana ci ne ya zama toka mai laushi, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Ta ƙona na farko, toka. Na biyu, toka. Sai ta tsaya, ta zaro ƙyalle na uku daga jaka.

Jama'a, atamfar jikinmu ce. Zanen ganyen nan, shuɗin nan, komai.

Ta kai shi bakin wuta, ya murɗe, ya yi baƙin hayaƙi, warin ƙonanniyar leda ya cika zauren. Wata malama ta ja mayafi tana rufe rigarta, sai ka ce hakan zai ɓoye wani abu. Manaja ya duƙar da kai yana latsa waya. Farfesa kuwa ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ta saman gilashinsa.

Na ba da hutun salla, malamai suka bi ni ofis. Ni na ɗauka kunya za su ji. Ina! A kan yarinyar suka sauke fushinsu. Wannan ta ce ba ta da tarbiyya, waccan ta ce da gangan ta yi. Mataimakiyata ta ce a cire wannan babin, yarinyar ta ba manaja haƙuri, ta sake rubutu ta kare baɗi. Wato ta rasa tafiya bautar ƙasa tare da 'yan ajinta, iyayenta su sake ɗaukar nauyin shekara.

Na ce, "A ina ta yi kuskure?"

"Hajiya, ba maganar kuskure ake ba. In Alhaji ya rufe mana ƙofa, ina za ki kai 'yan aji uku su koyi aiki?"

Wannan tambayar ta dame ni, don gaskiya ce. Ina cikin juya ta sai wani malami ya ce ai wa ya sani ma, wataƙila jabu ta sayo a kasuwa, ba ta Alhaji ba ce. Suka yi caraf suka kama wannan, har da masu cewa a rubuta haka a rahoto. Nan raina ya gama ɓaci. Mutanen da suke koyar da gwajin nan duk shekara, ga atamfar Alhaji a jikinsu, amma sun gwammace su yi zato. Na kwance ɗankwalina, na gyara mayafi, na ɗauki almakashi na yanki bakinsa, na ƙyasta ashana a gabansu. Ya narke ya ɗiga a kan teburina. Na ce, "To, wannan daga wace kasuwa na sayo?"

Muka koma zaure, yarinyar ta ƙarasa bayaninta da jajayen idanu, farfesa ya ba ta makin da ya ga ta cancanta, na sa hannu.

Da na raka manaja mota, ya rage murya ya ce, "Hajiya, mun daɗe ba ma saƙa. Ba wuta, ba auduga. Farin yadi ake kawo mana daga waje, mu buga zane kawai. Amma a gaban jama'a? Alhaji ba zai ji daɗi ba."

Bai ji ba kuwa. Shekarar da ta biyo baya ko ɗalibi ɗaya bai karɓa ba. Na yi ta yawo cikin rana daga Bompai zuwa Challawa ina roƙon gurbi, wasu yaran sai shagunan ɗinki na rarraba su. Sun tafi ba su taɓa ganin babban injin buga zane yana aiki ba, kuma wannan yana ci mini rai har yau. Malaman da suka nace a yi anko su ne suka fi kowa cewa ni na jawo.

Abin da na koya shi ne, in aikinka faɗin gaskiya ne a kan kayan mutum, kada ka yarda ya tufatar da kai. Ranar da gaskiyar ta fito, waɗanda suka ci kyautar ba su za su biya ba. Za su waiga su nemi wanda ya fi kowa rauni a wurin, kuma in shugaba bai tsaya a gabansa ba, ba mai tsayawa.