Rigar da Kawu Sule Ya Ƙi Sawa

Duk wanda ya zauna a lungunmu na Nuzla ya san igiyar Kawu Sule Baduku. Kowace Juma'a da hantsi sai ya shanya wata jibgegiyar rigar fata mai gashin tunkiya a ciki, ya zauna yana gadinta da sanda saboda kyanwoyi. A Jidda fa, garin da ko singileti nauyi take yi wa mutum.

Ƙanen mahaifiyata ne, a ɗakinsa na sauka da na zo aiki tashar jiragen ruwa, don haka na sha labarin rigar har na haddace. Lokacin yaƙin Hitila yana saurayi, yana ɗinkin fata a bakin filin jirgin Kano. Wani jirgin Amurka mai jefa bom, mai inji huɗu, ya sauka da inji ɗaya a mace, ya yi kwanaki ana gyara. Mutum goma ne a cikinsa, kuma Kawu ya raɗa wa kowa suna: matuƙi Dogo, mai duba hanya Na-Taswira, mai sakin bom Shiru-Shiru, har kan Jan Kunne, mai bindigar wutsiya. Jan Kunnen ne ya kawo rigarsa a ɗinke masa hannunta. Washegari Kawu ya zo da ita a ɗinke, ya tarar jirgi ya tashi.

Baduku ba ya riƙe kayan mai kaya. Da ita ya tako ƙasa har Sudan, da ita ya haye teku ya iso Jidda.

Wata shekara muka je Madina cikin tsananin sanyi, haƙoransa na kaɗawa, ga riga a ƙunshe yana matashi da ita. Na ce, "Kawu, ka saka mana, ko na yau kaɗai."

"Gyara aka ba ni ko aro?"

"Mai ita ai ba zai sani ba."

"Ni na sani."

Ranar da masu duba takardu suka shigo unguwa kuwa, kowa ya yi ta kansa, shi ya koma ɗauko riga. Jami'i ya tare shi da ita a ka, ya duba iƙamarsa, wato takardar izinin zama, sannan ya tambayi ta wace ce.

"Ta wani Ba'amurke ce, zai zo karɓa."

"Yana ina?"

"Yaƙi ya riƙe shi."

Jami'in ya tambayi wane yaƙi. Da ya ji amsa sai ya miƙa masa takardarsa ya ce, "Yalla, ya hajji, Allah ya kawo shi."

Bature kuwa bai isa ya gifta ta gabansa ba. Ya taɓa riƙe wani a kasuwar Balad yana lissafa masa su Dogo. Na ce, "Kawu, wannan Bajamushe ne."

"Ato! Shi ya fi kowa sanin inda suka harbo su."

Dariya muke yi, amma abin yana cinsa. Da ƙafa ta fara gaza masa ya ce mini, "Habu, in na mutu da rigar nan, me zan ce?" Kunya ta kama ni. Na kwafi suna da lambar da ke cikin wuyanta, na rubuta wa wata ƙungiyar tsofaffin sojoji a Amurka.

Sai bayan wata bakwai amsa ta zo, daga 'yar Jan Kunne. Ta ce jirgin ya yi ta kai hari daga Arewacin Afirka, wata rana ya tashi bai dawo ba, duk su goman. Lokacin tana cikin uwarta, ba ta taɓa riƙe wani abu da ubanta ya saka ba.

Kawu ya ce in miƙo masa basilla. Ya farke ɗinkin shekara hamsin ya sake sabo, wai na farkon aikin yaro ne. Da za a rufe kwalin da za a aika mata rigar a ciki ya ce, "Ka rubuta mata, aiki ya daɗe da kammaluwa. Shi ne bai zo ba."

Juma'ar da ta biyo ya fito da sandarsa ya zauna gaban igiya, ba komai a kanta. Bai kai azumi ba.

Allah ya jiƙan Kawu Sule. Ya riƙe kayan wani bai saka ba, ya mayar. Ya Allah, ga shi nan mun ba ka ajiya, ka riƙe mana shi da rahama.