Baƙuwar da Kaka ta ƙi kiran sunanta

Ni ban yi karatu ba, ban taɓa riƙe alƙalami ba. Malama Hannatu ta zumuntar matan cocinmu a Samaru ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa. Na ce mata in ta ga ina kuka kada ta tsaya lallashi, ta bar ni in share, mu ci gaba.

A hannun kakata Lami na tashi, a wani ƙauye arewa da Zariya. Bayan girbi, in an gama cin tuwo, sai ta tura kara a murhu, ta zube gyaɗa a tsakiyarmu. Ba a jin tatsuniyarta a zaune kawai, kowa sai ya ɓare. Wanda ta ga bakinsa na motsi sai ta ce, "Kai, ɓeran rumbu, ta iri ce, tofar!" Sannan ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata." Mu ce, "Ta shigo, Kaka."

Akwai guda ɗaya da ba ta dariya in tana ba da ita. Wai wata baƙuwa ce ta shigo wani gari da damina, da ƙwarya a rufe. Gidan farko suka ba ta ruwa da tabarma. Gari na wayewa aka tarar da mai ƙarfin gidan a kwance, ba rai. Tsohon gidan na nan yana tarinsa, jariri na shan nono. Mai riƙe da garma ta ɗauka. Mutanen gidan sun gane ta sarai, amma suka ji kunyar a ce a ɗakinsu ta kwana. Sai suka raka ta ƙofar maƙwabci suka ce, "Ga baƙuwa, a ba ta ruwa." Maƙwabcin ma ya yi haka. Kafin dawa ta nuna, babu mai yankan ta. Tsofaffi da yara kaɗai suka rage, suna haƙa kabari da ƙaramar fartanya. A ƙarshe wata tsohuwa mai haƙori ɗaya, wadda ta binne 'ya'ya uku, ta rarrafa ta hau kan rumbu ta ƙwala sunan baƙuwar har gari ya ji. Kowa ya ja ƙyaurensa. Baƙuwa ta rasa masauki, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

Kullum sai mu ce, "Kaka, mene ne sunan?"

Sai ta ce, "Ku ɓare gyaɗarku. Na sauke ta nan, mai so ya ɗauka."

Sai da na girma na ji cewa a shekarar Marisuwa, murar nan da ta share garuruwa tun Kaka na amarya, ta binne mijinta na fari da 'yan'uwanta maza. Ta iya yabon tsohuwar da ta hau rumbu, amma ita har ta mutu bakinta bai furta sunan ba.

Aure ya kawo ni Samaru. Maigidana ya rasu da furfura, ya ga jikoki. Na yi kuka, amma a kan layi ya tafi, babba kafin ƙarami. Ni ma sai na sayi farin yadi na ajiye a ƙasan akwati, ina jiran nawa lokacin.

Ɗana na fari yana aiki a wata masana'anta a Chikaji. Irin namu ba ma kiran sunan ɗan fari, don haka "Yaron" nake ce masa har ya yi gemu. Ya fara ramewa, zawo ya ƙi tsayawa. A asibiti likita ya ja ni gefe, tunda ni ke jinya, ya faɗa mini abin da ke damunsa. Ya ce, "Mama, ki turo matarsa a gwada ta." Na dawo gida, matarsa Rifkatu ta tare ni a bakin ƙofa, na ce mata ciwon shawara ne. Yadin da na saya don kaina, da shi aka rufe shi.

Shekarun nan, Asabar ba ta cika wucewa ba mu je jana'iza ba. In na shiga kasuwar Sabon Gari sai in ga shagon tela a kulle, a ce ya kwanta, bayan wata biyu a ce matarsa. Mu masu sanda, da ya kamata a ɗauka, mu ke bin gawa a baya. Kowane gida kuma da abin da suke cewa: sammu ne, taifot ne, ciwon daji ne. Ban taɓa tsammanin zan ga zamanin da kaiwa shekara arba'in zai zama abin yi wa mutum barka ba.

Rifkatu ta zauna da ni da yaranta biyu, tana soya ƙosai kusa da tasha. Shekara ta zagayo, na ga zanenta ya fara yi mata yawa. Ga kuma wani mutumin Palladan ya fara aiko da gaisuwa, yana neman ta. Wata yamma muna ɓare gyaɗa a tsakar gida, ta yi tari mai tsawo, ta ɗago tana dariya ta ce, "Hayaƙin ƙosai ne, Mama." Nan na ga kaina tsaye a ƙofar maƙwabci ina cewa a ba baƙuwa ruwa.

Na ce, "Rifkatu, ba shawara ce ta kashe mijinki ba. Ƙanjamau ne. Likita ya ce in turo ki, ban turo ki ba."

Ta ajiye faifan a hankali. Ta ce, "Mama, shekara guda kina cin tuwona, kina kallona?"

 Kwana tara ba ta gaishe ni ba. A na goma ta tsaya a ƙofar ɗakina da gyalenta ta ce, "Tashi ki raka ni, tunda ke kika san hanya."

An same shi a jikinta. Yaran, Allah ya tsare su. An ɗora ta a kan magani, safe da yamma, kumatunta sun dawo. Mutumin Palladan ita ta faɗa masa da bakinta, bai sake aikowa ba. Tana kira na Mama kamar dā, amma akwai shirun da ke shiga tsakaninmu wani lokaci, kuma na san ni na saye shi.

Kaka ta ce mai so ya ɗauka. Na ɗauka, Kaka, sai dai na makara da shekara guda.

Malama, kin rubuta sunan ciwon? To, saura ɗaya da bakina bai taɓa kira ba, kuma jikokina za su karanta wannan. Rubuta shi da manyan baƙaƙe. Sunan yarona Bulus.