Takardar Asansir

An hana mu hawa asansir, na'urar nan mai kai mutane saman bene. Mu goma sha ɗaya ne, matan da ke shara da wankin bayi a wata imara, wato bene mai hawa tara, a unguwar Shisha, inda ake sauke masu Umra. Baƙi su hau, akwatunansu su hau, kwandon shara ma ya hau in namiji ne ya turo shi. Mu kuwa sai matakala, da bokiti a hannu. Mushrif, mai kula da aikinmu, ya ce wata baƙuwa ce ta yi ƙorafin muna warin maganin wanke bayi. Bayin nata muke wankewa da shi. Ban ga laifinmu ba a lokacin, yau ma ban gani ba.

Ni ƙafafuna lafiya lau. Wadda abin ya ci ita ce Inna, wata dattijuwa 'yar Damagaram da ta girme mu duka. Hawa na bakwai ne nata, gwiwoyinta kuma sun kumbura, sai ta zauna sau uku kafin ta kai. Na ce a ba ni na bakwai a ba ta nawa na biyu, mushrif ya ce ba mu ke raba aiki ba. Ranar Alhamis ya sauko daga ofishinsa da ke can hawa na tara, ya same ta zaune a matakala tana haki. Ya ce daga Asabar in ba za ta iya ba ta zauna a gida, akwai masu jira. Inna ba ta da kowa a garin nan. Aikin nan shi ne abincinta, shi ne ɗakin kwananta.

Ranar Juma'a na je gidan 'yata a Zahir. A nan aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta. Bayan mun ci abincin rana ta kunna wani fim na tarihi: baƙaƙen fata ne a Amurka, zamanin da, suna aiki a jirgin ƙasa. Su gyara wa fasinja gado, su goge takalmi, su ɗauki kaya, su yi barci a zaune. Fassarar Larabci na gudu a ƙasan allo. Ni kuwa sai da na haura arba'in na shiga makarantar manya, karatuna tafiyar ƙasa yake yi. Kafin in kai ƙarshen layi ya ɓace.

"Tsayar. Mayar baya."

"Ya Ummi, fim ne fa, ba darasi ba."

"Da na san darasi ne da na zo da biro. Mayar."

Fim ɗin bai sa ni kuka ba. Kiɗan ya yi yawa, kuma rigunansu sun fi na kowane ma'aikaci da na sani tsabta. Wuri ɗaya ne ya tsaya mini. Suna so su haɗa ƙungiya, sun rubuta takardar koke, amma duk wanda sunansa ya zo a sama shi za a fara kora. Sai wani ya kife faranti a kan takardar ya zana da'ira, kowa ya sa sunansa a gefenta. Babu na farko, babu na ƙarshe. Sau uku na sa ta mayar da wurin.

'Yata ta gane inda na dosa. "Ummi, nan ba can ba ne. Ba a ƙungiya a nan. Ikamarki, takardar zamanki, da sunan mai imara take, rana ɗaya zai sa ki a jirgi."

"Wa ya ce miki ƙungiya? Asansir nake so."

Ta ba ni takarda da biro, amma ta ƙi rubuta ko harafi ɗaya. Ban ga laifinta ba. Na rubuta layi huɗu da Larabcina na makarantar manya: a bar mu mu hau asansir in babu baƙi a ciki, ko a sauko da Inna ƙasa. Na kife farantin shayinta a kai, na zagaye rubutun.

Bayan la'asar matan kan taru a ɗakin Inna su sha shayi. Na tarar da su, na shimfiɗa takardar a kan tabarma, na ba su labarin fim ɗin. Tunda ba mai iya rubuta suna, na ce kowa ta shafa kwalli a babban yatsa ta dangwala a gefen da'irar.

Wata 'yar Sakkwato mai kaifin baki, wadda ke kirana Malama tun da na fara zuwa makaranta, ta ajiye kofinta.

"Malama, mi kika kawo muna? Su waɗancan suna suka sa. Suna ko yau ina iya sake wani. Yatsa fa? Nawa na cikin na'urar hukuma tun shekarar da aka kama ni Mina ina dakon kaya. Ki ce in ba mushrif shi da hannuna?"

Shida daga cikinmu ba su da takardar zama. A wurinsu dangwala yatsa ba sa hannu ba ne, hanyar gidan tusa ƙeya ce. Na san haka sarai. Ikamar da ke jakata ce ta sa na manta.

Inna ta ɗauki takardar, a juye ma ta riƙe ta. Ta daɗe tana dubawa.

"Wa ya yi wannan na tsakiya?"

"Ni ce, Inna."

"To 'yata, duk imarar nan wace mai bokiti ta iya rubutu in ba ke ba? Farantin naki bai rufe kowa ba. Ke ya bari a waje."

Aka kwashe da dariya, har 'yar Sakkwato na share hawaye da gefen mayafi. Ni ma na yi, don gaskiya ce. Su mutanen jirgin kowa da hannunsa ya rubuta. Ni na kwaso dabararsu ban duba hannuwan da ke gabana ba.

Ana cikin dariyar na ga Inna ta jawo tandun kwallinta tana buɗewa. Tana cikin shidan nan. Na riƙe mata hannu, na karɓe tandun na tura ƙarƙashin matashi.

"Aikina ne ake magana," in ji ta.

"Na sani. Sha shayinki."

Na naɗe takardar na fito. Ba wadda ta dangwala, ban kuma sake roƙon kowa ba.

Washegari Asabar na isa imara da wuri. A kan teburin da muke ajiye sabulu na buɗe takardar, na rubuta sunana da na mahaifina a gefen da'irar, da manyan baƙi. Sauran wurin na bar shi fayau, mushrif ya gani ya san mu nawa ya kamata a ce mun sa. Inna na tsaye a gindin matakala da bokitinta, ba ta fara hawa ba. Na ce ta jira ni a nan. Na kira asansir, ya buɗe, na shiga da rigar aikina da warinta, na danna tara.