Shayin Baturiya

A shekarar da aka hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar Abuja, wata uku da dawowata daga Makka, ɗana ya ɗauko ni daga gida wai ƙafata tana son likita. Ƙafa kam ta samu likita. Abin da na tarar ba mai magani shi ne zamansa da matarsa. Kwana tara suna gaba, har ta sauko da akwati ta fara ninke kaya. Ni kuwa yarinyar nan ta kwanta mini a rai, ba na son ta tafi.

Ranar Asabar da hantsi ya kunna wani tsohon fim na Turawa, marar kala, ya ƙura masa ido don kada ya kalle ta. Ita tana gefe tana tsinke zogale. Ni ban taɓa zama a aji ba, Turanci ko na "zo in kashe ki" ban sani ba, amma labari dai ba a riga ni gane inda ya dosa.

Sai ga Turawa talakawa! Maigida ya dawo daga aiki duƙun-duƙun, hula a kansa kamar faifai, ya shiga baho a tsakar ɗaki. Ɗakin ɗaya ne tal, nan ake ci, nan ake faɗa, kowa ya faɗo ba sallama.

Na ce, "Kai, waɗannan ne suka mallake mu? Ko tsakar gida ba su da shi?"

Ya ce, "Inna, asalinsa wasan dandamali ne aka mayar fim, shi ya sa ba sa fita."

Na ce to. Amma na lura da abin da shi mai bokon bai gani ba. Duk sa'ad da faɗa ya kaure, sai uwar gidan, wata ƙatuwa mai ɗamarar girki, ta ɗora buta a wuta. Tana zuba shayi kowa sai ya zauna ya yi tsit. Sau huɗu ina ƙirgawa. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza, matar nan tana da malami. Rubutu take zubawa.

Na ja ƙafata zuwa kicin, na dafa shayi da citta da kanumfari, na ɗiga zamzam ɗin da na zo da shi. Na dire musu kofi biyu.

Ɗana ya ce, "Inna, shayi da tsakar rana, cikin wannan zafi?"

Na ce, "Sha. Abin da Baturiyar nan take wa mijinta ke nan. Ita da rubutun malaminta, ni da zamzam. Ke ma 'yar nan, ɗauki."

Ta kurɓa, sai ta ƙware. Ta ce, "Mama, malamin Baturiya?" Ta juya wajen mijinta, hawayen dariya na zuba, ta ce, "Don Allah ka ji Mama!"

Maganarta ta farko ke nan gare shi a kwana tara. Ya ce, "A garin Zuba yake da zama, ni ma wajensa nake zuwa." Suka kwashe da dariya har zogale ya kife. Ni ban yi ba, don ban ga abin dariya ba. Kafin la'asar ta mayar da kayanta cikin durowa. Su ce dariya ce ta shirya su, ni na san abin da na dafa.

'Yan fim ɗin, in ji ɗana, babu sauran ko ɗaya a duniya, har Baturiyar. Mu ukun muna nan. Su biyu sun yi jikoki a Mararaba, ni kuma saura haƙora uku.