Lambar da na karanta wa Baba

Wata bakwai na yi ina yawon neman ƙarafa huɗu a birnin Alƙahira, ni da ban taɓa mallakar ko keke ba. Shokazoba ce ta wata tsohuwar motar Amurka, biyu na gaba biyu na baya, wannan bututun mai cike da mai da ke hana mota tsalle idan ta faɗa rami. Misirawa suna ce mata musa'idin. Har yau idan na ji kalmar sai in ji tafin ƙafata ya ɗau zafi.

Karatu ya kai ni Masar. A lokacin na wuce shekara talatin, ina da mata da ɗa, ina fama da kundin digiri na biyu a fiƙihu wanda ya ƙi gaba ya ƙi baya. Muna zaune a Hayyin Ashir, hawa na huɗu, a ƙasanmu kuma akwai wani dattijo bakanike, Bahaushen Sudan. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar aikin Hajji, ya tsaya a bakin kogi a Sudan ya yi gona, bai ƙarasa ba kuma bai koma ba. Dattijon, wanda neman abinci ya kawo Masar, bai taɓa ganin Najeriya ba, amma Hausarsa ta fi tawa tsufa, irin wadda na daina ji tun rasuwar kakata. Ranar da matata ta haihu ba ni da kowa a garin. Shi ya zaɓo rago, shi ya tsaya a matsayin uba, matarsa kuma ta yi wa tawa wankan jego. Tun daga ranar nake ce masa Baba. Shi kuma Ustazu yake ce min, rabi girmamawa rabi tsokana.

Baba yana da kusurwa guda a wani gareji a unguwar Hirafiyyin, inda makanikai suke. Garejin na wani Bamisire ne, kusurwar kuma akwai masu jiran ta da yawa. Da ita Baba yake ci da matarsa da jikoki uku da 'yarsa ta rasu ta bari. Abin da babu wanda ya sani a garejin shi ne ciwon suga ya ci idonsa. Yana ganin mutum, yana ganin mota, amma rubutu da lamba sun ɓace masa ɗungurungum. Hannunsa ne ya rufa masa asiri, don yakan taɓa noti ya faɗi sifanar da za ta kama shi. Sauran kuma ni ne. Duk ranar da ba ni da darasi sai in je in zauna a kan tsohuwar taya kamar mai ziyara, ya miƙo min ƙarfe yana tambayar lafiyar iyali, ni kuma in karanto masa lambar da Hausa a cikin amsar. Mutanen garejin sun ɗauka hira muke yi. Mun san ranar da maigidan ya gane, kusurwar ta tafi.

Ana nan wani injiniya ya kawo motar mahaifinsa da aka jingine a ƙarƙashin bene shekara da shekaru. Ƙofa biyu gare ta, hancinta dogo kamar kwalekwale, injinta silinda takwas, ga shan mai kamar ba gobe. Yaran zamani duk sun zagaya ta sun ja baya. Baba ne kaɗai ya taɓa gyara irinta tun yana saurayi, don haka aikin ya faɗo masa. Injiniyan mutum ne mai ladabi, amma na tsane shi tun ganin farko, saboda wani littafi mai kauri da yake yawo da shi. A ciki akwai lambar kowane ƙarfe na motar kamar yadda ta fito daga kamfani, kuma ya rantse babu abin da zai shiga jikinta sai na asali. Sabo na kanti ba ya so, ko da ya fi kyau. Ya ce haka mahaifinsa ya tuƙa ta, haka shi ma zai tuƙa ta.

Cikin shekara guda Baba ya tashi injin. Ranar da ya yi gurnani kowa a garejin ya ajiye aikinsa ya zo kallo. Komai ya samu, saura shokazoba. Baba ba zai iya shiga kasuwa neman lamba ba, sai ya ce wa mutane ƙafa ke damunsa, ya aike ni. Na rubuta lambar a bayan katin laburare. Bayan wata guda ban ƙara buƙatar katin ba, na haddace ta fiye da yadda na haddace babin da nake rubutu a kai.

Na fara da kasuwar Taufiƙiyya, shago bayan shago. Ban taɓa ganin mutanen da ba su iya cewa babu ba kamar 'yan kayan mota na Alƙahira. Sai mutum ya karɓi katin, ya gyaɗa kai, ya sa a kawo maka shayi, ya buga waya yana ihu, sannan ya ce ka dawo bukra, wato gobe. Ka dawo goben ya tura ka wurin ƙaninsa a wata unguwa, ƙanin ya tura ka wurin surukinsa. Na sha shayin da ya isa a yi wa gawa wanka. Na shiga filayen matattun motoci inda karnuka ke kwana a kujerar baya, na yaga riguna biyu, ƙusa ta huda min takalmi. Sau ɗaya har Iskandariyya na je a jirgin ƙasa, don an ce wani tsoho yana da irin motar. Na same shi, yana da ita kuwa, kaji ne a cikinta. Ya yarda aka ciro min na baya guda biyu, lamba ta yi daidai, amma da na danna sai ƙarfen ya shige ya fito salin-alin kamar famfon keke. Man ciki ya tsiyaye tun ban shiga makaranta ba, tsatsa kuma ta cinye gindin.

Shekarar ce kuma garin ya rikice. Layin mai ya cinye rabin titi, wuta tana ɗaukewa sau uku a wuni, yau a rufe wannan hanya saboda masu zanga-zanga gobe a rufe waccan. Tafiyar rabin awa a ƙaramar bas sai ta zama ta awa uku, kana tsugune gwiwarka a bayan wani. Malamin da ke duba kundina ya daina tambayata babi na uku, ya koma kallona kawai. Matata ta ce min wata rana, «Malam, fiƙihu ka zo karanta ko gwangwan?»

Na gaji, gajiyar da barci ba ya warewa. Na fara jin haushin motar, da injiniyan, da mahaifinsa da ya mutu ya bar mana wahala. Daga baya, kuma wannan ne nake jin kunyar faɗa, na fara jin haushin Baba. Duk yamma idan na hau bene sai in tarar da ƙofarsa a buɗe, yana zaune yana jiran sautin takuna. Ba ya tambaya. Cewa kawai yake yi, «Sannu, Ustazu. Allah zai kawo.» Da ya yi min faɗa da na fi samun sauƙi.

Cikin azumi, a tsakiyar zafin bazara, aka kwatanta min wani lungu. Mai shagon ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da ƙarafa huɗu naɗe a tsohuwar jarida, duk sun yi duƙun-duƙun da baƙin mai. Na danna ɗaya, ya turje min kamar mai rai. Na fita da shi bakin ƙofa inda akwai haske, na goge gindin da hannun rigata. Farkon lambar daidai ne. Biyun ƙarshe ba su ba ne. Kuma da na shafa wurin da babban yatsa sai na ji ya fi sauran jikin santsi, alamar an goge wani rubutu an buga wannan a kai.

Ba a yaudare ni ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Na gani sarai. Na tsaya a ranar nan maƙogwarona a bushe, na tuna bas ɗin da ke jirana, da shagunan da suka rage, na ce wa raina ai abin a ƙarƙashin mota zai zauna, injiniyan kuma kullum cikin farar riga yake, ba zai kwanta a ƙasa ba. Mai shagon ya ce, «Tamam?», wato ya yi daidai? Na ce tamam.

Washegari na kai wa Baba a gareji. Ya ɗauki kowanne ya jinjina, ya danna da ƙirjinsa, ya ja, ya kara a kunne. Fuskarsa ta washe yadda ban taɓa gani ba. Sannan ya miƙo min ɗaya, ya ce, «Ya iyali, ya yaro? Karanto min.»

Na riƙe ƙarfen, na kafa masa ido, na karanto lambar da ke kaina. Muryata ko rawa ba ta yi ba.

«Alhamdu lillahi,» in ji Baba. «Allah ya ba ka ilimi mai amfani. Allah ya sa ɗanka ya yi maka fiye da haka.» Na ce amin.

Bayan Sallah injiniyan ya zo karɓar mota. Bai zo shi kaɗai ba. Tare da shi akwai wani abokinsa siriri mai tara irin waɗannan motoci, wanda ko gaisuwa bai gama ba ya sauka cikin ramin da ake duba ƙasan mota, da tocila a hannu. Ina zaune a kan tayata ina kallo. Bai yi minti biyar ba ya nemi a miƙo masa littafin. Na ji ƙarar mabuɗi yana kankare ƙarfe.

Injiniyan bai yi zagi ba, amma ya ɗaga murya har mai garejin ya fito daga ofis. Ya ce shekara biyu ya amince, bai taɓa ƙin biyan abin da aka ce ba, ashe ana shirya masa ha'inci. Ya ce ko yaron da ya fara koyon aiki jiya zai ga lambar nan an sake buga ta. Mai garejin ya dubi Baba, ya kira shi da laƙabin da suke kiran babban bakanike, ya ce, «Ya Usta, ba ka duba ba?» Sannan duka suka juyo gare ni, don kowa ya san ni ne ɗan aiken.

Kalma ɗaya ta ishi Baba. Ya ce ɗalibin nan ne ya kawo, an cuce shi, shi ke nan, a yi min tsawa a wuce. Ni ba ni da kusurwar da zan rasa. Amma mai garejin ba wanda ya kawo ya tambaya ba, wanda ya duba ya tambaya, kuma Baba bai iya amsa tambaya a karkace ba. Ni kuwa na sunkuyar da kai, na bar shi da tambayar.

Baba ya goge hannunsa da tsumma a hankali, ya ce da Larabci, «Shi aike kawai na yi masa, ba sana'arsa ba ce. Duba lamba aikina ne. Ban cuce ka ba, ya injiniya. Ban gani ba ne, domin na daina gani. Ya fi shekara biyu.»

Injiniyan ya rufe littafinsa, ya rasa inda zai sa idonsa. Mai garejin ya rungume Baba, ya sumbaci kansa, ya ce ma'alish, wato ya yi haƙuri, har sau uku, ya ce lafiya ta fi komai, ya je gida ya huta tukuna. Duk wanda ke wurin ya san ma'anar hutun. Kafin wata ya ƙare wani ne a kusurwar.

A bas ɗin komawa gida muna zaune kafaɗa da kafaɗa, akwatin sifanoninsa a kan cinyata. Sai da muka shigo Madinat Nasr, yankin da unguwarmu take, Baba ya yi magana, da Hausa, ba tare da ya juyo ba.

«Ustazu, ka gani ko ba ka gani ba?»

«Na gani, Baba.»

Ya gyaɗa kai. Bas ta tsaya a layin mai da ya tare hanya, direba yana ta danna oda, wani yana faɗa da wani a baya.

«Da ka ce min ka gaji,» in ji shi, «ai da na ce ka huta.»

Da muka iso Hayyin Ashir na riga shi sauka. Ya tsaya a bakin ƙofar bas yana laluben matakala da ƙafa, a gaban kowa, direba yana azalzalarsa yana cewa yalla ya Hajji. Sai ya miƙo hannu ta inda yake tsammanin nake. Shi ɗin dai nake da shi a garin, na kama.